Yadda ake shan kwana da babur a hanyar dutse

Duk wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambilla na jihar Taraba daga Serti ya san wurin da hira take yankewa. Ana wuce Mayo Selbe hanya za ta fara naɗewa a jikin dutse, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen kwari mai zurfi, ana yi ana karya kwana har a fito Maisamari. Daga can sai Nguroje, sai Gembu, a bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku. Wanda ya saba da hanyar Jos zuwa Akwanga kuwa, Hawan Kibo ya ishe shi misali. A irin waɗannan wurare, babur yakan faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Sai ka ji an ce "kwana ce ta kwashe shi", ko "mashin ne ya ƙwace masa", kamar dai kwanar ce ta taso ta same shi.

Ni ma na taɓa faɗin haka a kaina, ranar da na zube a wata gangara da buhun masara a baya, fatar gwiwata ta saɓule. Sai daga baya na yarda cewa tun mita hamsin kafin kwanar na riga na faɗi, ƙasa ce kawai ban kai ba tukuna. Na shigo da gudun da ya fi ƙarfin wurin, duk abin da na yi bayan nan kame-kame ne. Abin da zan bayyana a nan ke nan: aikin kwana kafin a shige ta ake gama shi.

Abin da taya take iya ɗauka

Babur yana taɓa kwalta ne a wurare biyu kacal, kowanne bai wuce tafin hannun yaro ba. Da wannan ɗan riƙon ake taka birki, da shi ake murza totur, da shi kuma ake karkata. Riƙon kamar kuɗin cefane ne: abin da ka kashe wa nama ba za ka same shi wajen mai ba. Idan babur ya kwanta sosai a cikin kwana, karkatar ta cinye mafi yawan riƙon, sai ka zo ka damƙi birkin gaba, to babu sauran abin da taya za ta biya da shi, sai ta zame.

Ga kuma lissafin da ke yaudarar mutane. Ƙarfin da yake tura ka waje a cikin kwana ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. In ka ninka gudu sau 2, ƙarfin yana ninkuwa sau 4. Kwanar da ka saba sha a kilomita 40 a awa, in ka shige ta da 50, ka ƙara wa taya aiki da fiye da rabi, alhali a jikinka ɗan ƙari kawai ka ji. Kuma mai tafiya a 60 yana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa. Kafin ido ya ga saniya, ƙwaƙwalwa ta gane, hannu ya kai ga birki, an riga an ci tsawon tirela guda.

Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. A 1981 an fitar da wani bincike a Amurka wanda ya bi diddigin haɗarin babur guda 900 a yankin Los Angeles. A haɗarin da babu wata mota a ciki, kusan kashi biyu cikin uku kuskuren mai tuƙi ne, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne zamewa saboda matse birki fiye da kima, ko fita daga hanya a kwana saboda gudu ko rashin karkata yadda ya kamata.

Mataki na farko: tun daga gida

Duba iskar tayoyi da safe kafin su yi zafi. Kada ka yarda mai faci ya matsa da yatsa ya ce ta yi, ka ce ya sa geji, ka bi adadin da kamfanin babur ɗin ya rubuta. Sannan ka duba zanen taya, musamman na gefe, domin a kwana gefen ne yake aiki. Tayar da ta suɗe, ko wadda ta tsattsage don tsufa, ba ta hanyar dutse ba ce ko da a gari tana kai ka kasuwa lafiya.

Gwada birki biyun. Yawancin baburan da ake haya da su a wajenmu, irin su Bajaj Boxer, birkin ganga gare su gaba da baya, wato irin wanda yake kamawa daga cikin gangar da ke tsakiyar taya, kuma akwai 'yan acaɓa da yawa da suke sassauta na gaba da gangan, wai yana kayar da mutum. Wannan babban kuskure ne. Idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa, don haka birkin gaba ne yake yin mafi yawan aikin tsayawa, wajen kashi 70 cikin ɗari. Wanda ya hau dutse da birkin ƙafa kaɗai ya bar fiye da rabin birkinsa a gida. A kai wa bakanike ya daidaita shi, ya duba cen kada ya yi sako-sako, ya duba ko jak ɗin gefe yana komawa sama sosai. Jak da ya rataya ƙasa yana iya cakar kwalta a kwanar hagu ya ɗaga tayar baya.

Kaya a ɗaure su tamau, masu nauyi a ƙasa kuma kusa da bayanka, kada su zarce can bayan kariya. Lodin da ya koma baya yana sauƙaƙa tayar gaba, sai ka ji kan mashin yana rawa a hawa. Jarkar da ba ta cika ba, ita ta fi cikakkiya haɗari, saboda abin da ke ciki yana kaɗawa gefe daidai lokacin da kake karkata.

Sai hular kwano, a ɗaure igiyarta a haɓa. Tun 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sanya ta, mutane suka yi ta wasa da dokar har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka. Rawani ko hular sanyi ba sa tare dutse. Takalmi kuma rufaffe, ban da silifa.

Mataki na biyu: karanta kwanar kafin ka iso

Alluna a hanyoyinmu ba abin dogaro ba ne, wasu sun faɗi, wasu ciyawa ta rufe su. Ido za ka horar. Ka dubi can wurin da gefen hanya na dama da na hagu suke haɗuwa a ganinka, wato iyakar inda kake hango kwalta. Idan kana matsowa wurin yana ja da baya daidai da tafiyarka, gudunka ya dace da kwanar. Idan ya tsaya cak ko yana matso ka, kwanar matsattsiya ce ko tana ƙara tsukewa, ka rage. Wannan irin mai tsukewa daga baya ita ce muguwa: farkonta da faɗi, ta ba ka ƙwarin gwiwa, sai ka kai tsakiya ta naɗe.

Layin bishiyoyi, turakun wuta, yadda jikin dutsen ya lanƙwasa, ƙurar motar da ke gabanka, duk suna gaya maka inda hanya ta nufa. Baƙin zanen taya a kwalta da karyayyen ƙarfen gefen hanya kuwa, wani ne ya riga ka ya bar maka saƙo.

Ƙa'idar da nake bi ita ce: kada in yi gudun da ba zan iya tsayawa ba a cikin tazarar da nake gani, a hannuna. In mita ashirin nake hange, gudun mita ashirin zan yi. A Mambilla garken shanu na iya kasancewa a bayan kowace kwana, a Hawan Kibo kuma tirelar da ta lalace ce aka jera mata ganye.

Mataki na uku: rage gudu kana miƙe

Wannan shi ne zuciyar maganar. Tun babur yana tsaye sosai, kafin ka fara karkata, ka saki totur, ka ja birkin gaba a hankali kamar mai matse lemo, ka haɗa da na baya, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. Kada ka fisgi birkin. Ka fara da taushi domin nauyi ya zauna a kan tayar gaba, sannan ka ƙara. Wajen sauko da giya ka saki kulocin sannu, don in ka sake shi lokaci guda tayar baya na iya yin tsalle ta ja.

Wane gudu ne ya isa? Wanda in ka shiga kwanar da shi za ka ji kana so ka ƙara wuta. In ka ji kana so ka rage a ciki, to ka shigo da yawa. Gara ka shiga kamar tsoho ka fito kamar saurayi. Hausawa sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa, kuma ko da ba wannan kwanar suke nufi ba, maganar ta zauna.

Mataki na huɗu: inda za ka tsaya a hannunka

Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka kwanonin biyu ba haɗari ɗaya gare su ba. A kwanar dama, in ta fi ƙarfinka, hannun masu tahowa za ka faɗa. A kwanar hagu, gefen hanya za ka fita, inda tsakuwa take, bayanta kuma kwari.

Idan kwanar ta dama ce, ka shigo daga wajen tsakiyar hannunka zuwa ɗan hagu, ba tare da ka kusanci layin tsakiya ba, don ka ƙara hangen abin da ke ciki. Idan ta hagu ce, ka matsa dama, amma kada ka hau yashin gefe. Sai ka yi haƙuri, ka jinkirta karkatawa har ka fara hango mafita. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsoro ya sa mutum ya karya da wuri ya manne wa cikin kwanar. Wanda ya yi haka, ƙarshenta waje za ta tura shi.

A kwanar hagu akwai abin da ake mantawa. Tayarka na iya kasancewa a hannunka, amma da yake ka karkata, kanka da kafaɗarka sun tsallaka layi. Madubin babbar mota a nan yake wucewa. Su kuma tireloli da tankoki dole ne su buɗe kafin su sha matsattsiyar kwana, kansu ya shigo hannunka, tayoyin bayansu su yanke ciki. In ka ji ƙugin babbar mota a kwanar da ba ka gani, ka tsaya daga baya ka bar ta ta fito. Ka danna hon kafin kowace makauniyar kwana, fitila kuma a kunne ko da rana. Maganar wuce mota a cikin kwana ba ta ma taso ba.

Mataki na biyar: ido da hannu

Babur inda kake kallo yake zuwa. Wanda ya zura wa rami ido zai faɗa ramin, wanda ya tsorata ya kafe ido a kan kwari zai ga kansa yana nufar kwarin kamar ana jan sa da igiya. Ka juya kanka gaba ɗaya, haɓarka ta nuna mafitar kwanar, ka bar gefen ido ya lura da sauran.

Game da hannu, akwai abin da kowane mai babur yake yi amma kaɗan ne suka san suna yi. Da zarar gudu ya wuce na tafiyar keke a hankali, ba juya kan mashin ake yi zuwa inda ake so ba. In za ka dama, hannun dama kake ɗan turawa gaba, sai babur ya kwanta dama. In za ka hagu, ka tura na hagu. Jin sa a baki kamar an juya magana, amma ka gwada a fili marar motoci, a gudu matsakaici, ka tura kaɗan ka ga. Amfanin sanin wannan shi ne ranar da kwana ta tsuke maka, ka san abin da za ka ƙara: turawa. Wanda bai sani ba sai ya ƙanƙame kan mashin, ya yi ta jan jikinsa gefe, babur kuma ya ci gaba da miƙewa.

Ka matse tanki da gwiwoyinka, hannuwa su kasance sake, gwiwar hannu a lanƙwashe. Ƙafafu a kan mataki, yatsu kada su leƙo ƙasa. Sauke ƙafa a cikin kwana da gudu ba ya tare komai, karaya kawai yake jawowa.

Mataki na shida: totur

Da ka gama karkata, ka riƙe totur daidai, ɗan kaɗan, yadda injin yake jan babur ba tare da ƙara gudu ba. Wannan yana daidaita nauyi tsakanin gaba da baya. Kada ka ja kuloci a cikin kwana. Idan mafita ta buɗe, babur ya fara miƙewa, sai ka ƙara wuta gwargwadon miƙewarsa. A hanyar dutse kwana ɗaya takan miƙa ka ga wata nan take, don haka kada murnar fita daga ta farko ta sa ka shiga ta biyu da gudu.

Gangara

Hawa yana yafe kuskure, domin da ka saki totur dutsen da kansa yake rage maka gudu. Abin lura kawai shi ne ka sauko da giya tun kafin kwanar, kada injin ya mutu maka a tsakiya. Iskar can sama ba ta da kauri, injin yakan rasa wani ƙarfi. Gangara ce take kashe mutane.

Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. Ka bar injin ya riƙe babur, ƙugin da yake yi ba lalacewa ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 na ga yadda sakin firi, wato gangarowa ba tare da giya ba, ya yawaita, wasu har kashe injin suke yi su gangaro shiru don su tsimi mai. Man da za ka tsima bai kai kuɗin allura ɗaya a asibiti ba. A firi, duk nauyin babur da naka da na kaya yana kan birki, birkin ganga kuma in ya yi zafi sai ya daina ci: kana takawa yana tafiya. Maimakon ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, ka taka sosai a miƙaƙƙen wuri, ka sake ya sha iska, ka sake takawa kafin kwana ta gaba. In ka ji warin ƙauri, ko birkin ya fara yin laushi, ka nemi fili ka tsaya ya huce.

Fasinja ma yana da nasa aikin, kuma kafin a tashi ake gaya masa. Na kan ce, "Hajiya, ki riƙe ni ko ki riƙe kariya, in na kwanta ki bi ni, kada ki miƙe, kada kuma ki sauke ƙafa." Fasinjan da ya tsorata ya karkata waje yana miƙar da babur daidai lokacin da kake son ya kwanta. Zani da mayafi da babbar riga a tattare su kada cen ya kama. Goyon mutum uku a wannan hanya kuwa, ko nawa za a biya, ni ba na yi.

Abin da ke kan kwalta

Yashi da tsakuwa a gefen kwana suke taruwa, musamman bayan ruwa ya wanko su daga dutse. Baƙin mai da gas ɗin manyan motoci sun fi zuba a kwanoni da wuraren hawa. In ka ga kwalta tana ƙyalli kala-kala, ko ka ji warin gas, ka miƙar da babur gwargwadon iko ka wuce ba birki ba totur. Kashin shanu ɗanye santsi gare shi kamar sabulu. Ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba ya fi mamakon ruwa santsi, saboda yana taso da man da ya kwanta. A Mambilla kuma hazo yakan sauko ya rufe hanya har ka kasa ganin mita goma, da sassafe raɓa tana kan kwalta a wuraren inuwa. In hazon ya yi yawa ka sauka daga hanya gaba ɗaya, ka jira. Tayar da ba ta yi zafi ba da sanyin safiya ma ba ta kama ƙasa sosai, ka lallaɓa kilomitocin farko.

In ka riga ka shigo da gudu

Zai faru wata rana. Jiki zai ce ka damƙi birki, ka miƙe, ka kalli abin da kake tsoro, kuma duka ukun kuskure ne. Ka ɗauke ido daga gefen hanya ka mayar kan mafita. Ka ƙara tura hannun da ke cikin kwanar. A busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, babur yana iya kwanciya fiye da yadda zuciyarka take yarda. Ka sassauta totur a hankali, in da buƙata ka ɗan taɓa birkin baya da taushi. Idan ka ji mataki yana gogar ƙasa kada ka zabura, ka matsar da jikinka cikin kwanar domin babur ya ɗan ɗago.

In kuwa akwai fili a gabanka kuma babu mai tahowa, akwai hanya ta biyu: ka miƙar da babur tukuna, ka ja birki biyun da ƙarfi na ɗan lokaci, ka sake, ka koma ka karkata. Sharaɗin shi ne a yi su ɗaya bayan ɗaya.

Waɗannan ba a koyon su ranar da ake buƙata. Ka sami fili, ka jera duwatsu ko gwangwanaye, ka yi ta zagaye kana juya kai, kana gwada tsayawa da birkin gaba daga gudu kaɗan kana ƙarawa, har hannu ya saba.

Idan ka tarar da wanda ya faɗi

Ka fara tsare hanya, don motar da za ta fito daga kwanar ba ta san da ku ba. A ajiye ganye ko a tsayar da mutum can kafin kwanar, ta ɓangarorin biyu. A kashe injin babur, a ɗaga shi daga kan mutumin saboda salansa tana ƙona fata. Kada a cire masa hular kwano sai in ba ya numfashi ko yana amai, kada a ja shi a zaunar, kada a ɗura masa ruwa. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, a riƙe kansa daidai da jikinsa, in dole sai an ɗauke shi a ɗora shi a kan abu mai faɗi da tauri, mutane da yawa su ɗaga tare. Inda jini yake zuba a danne da tsabtataccen ƙyalle, a ci gaba da dannewa. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce. In babu sabis a wurin, a tura wani ya hau tudu ya kira.

Wanda ya buga kai, ko da ya tashi yana cewa lafiyarsa ƙalau, asibiti za a fara kai shi kafin a yi maganar mai ɗori. Jinin da ke zuba a cikin kai ko a ciki ba a ganin sa, kuma yakan ɗauki awanni kafin ya nuna. In ya fara amai, ko barci yana fisgar sa, ko maganarsa ta rikice, kada a jira gari ya waye.